Tayar da Ba Ta Huje Ba

Zuwa gare ki Simbiyatu Abeke, hasken idona, ruwan farko na damina, inuwar da nake hange tun daga bakin titi. Yau na ajiye "Anti" da na shekara shida ina kiran ki da shi. Ki yi haƙuri, ba zai ƙara fita daga bakina ba.

Abeke, na gani! Wallahi na gani da idona!

Jiya Talata da sassafe, rana ba ta gama leƙo kan dutsen Sobi ba, ina tsugune ina kunna injin iska, sai ga kekenki mai ƙafa uku ya tsaya a kwanar masallaci. Kika sauko, kika dubi gabas, kika dubi yamma, kika zaro kibiyar kitso daga cikin ɗankwalinki, kika danna bawul ɗin tayar baya. Har daga rumfata ina jin iskar tana fita. Sannan kika gyara fuska, kika turo keken wurina kina tsaki, wai ƙusa kika taka.

Ƙusa, Abeke? Ni za a gaya wa ƙusa?

A aji huɗu na bar makaranta, amma taya ba ta yi min ƙarya. Kuma wannan dabarar ai na san mai ita. Lokacin da kike da shagon kitso a tsallaken titi, kina kitsa kai kina kitsa aure, sau uku kika turo min 'yan mata da ita. Modina ta zo da keken yayanta. Kudi ta zo da baron kakarta. Ta ukun ƙwallo ta kawo, tana ta sunkuyar da kai. Duk abin da suka kawo na tsoma shi a bahon ruwa, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Na ɗura musu iska, na ce su gaida gida. Kika riƙa gaya wa mutane Rasaki mai faci dutse ne, ba ya jin kira. Ina ji, rabin raina. Ba su nake jira ba, mai aiko su nake jira.

Aure ashirin da uku kika haɗa a Okelele. Da ankon da kika ɗinka na ƙirga su. Kowane biki ina can baya da kwanon amala, ina kallon ki kina gyara wa amarya ɗauri, kina dariya har wushiryarki ta fito kamar jinjirin wata. Sai dai na lura da abin da ba wanda ya lura. In aka tafi da amarya, kina tsayawa ke kaɗai a bakin rumfa, takalminki a hannu, kina bin motar da ido har ta ɓace. Sau nawa na ɗaga ƙafa zan zo, na mayar da ita?

Da kika rufe shago kika kama tuƙi, kika shelanta a tasha cewa kin ajiye dalilin auren wasu, yanzu naki kike nema, maza suka taso miki kamar shinge bayan ruwan sama. Malamin makarantar nan mai tabarau kullum sai ya hau kekenki zuwa kasuwar Oja-Oba, ba ya sayen komai ya dawo. Na gani, na haɗiye. Amma jiya rumfar masu faci biyu kika wuce, kika zo ta ukun kika sace iskarki da hannunki. Ya Allah! Zuciyata ta cika ta batse kamar kogin Asa a tsakiyar damina.

To me na yi, ni wawan? Na ɗura iska, na buga tayar da tafin hannu, na ce, "Anti, ba komai, ki gaida gida." Irin sallamar da na yi wa Modina da Kudi! Na ga yadda fuskarki ta dushe kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Kika ja keke ko waiwaye babu. Tun lokacin ko loma ban iya haɗiyewa ba. Kada ki ɗauka korar ki na yi, kurciyata. Murna ce ta shaƙe ni. Kada fushin jiya ya sa ki saurari mai tabarau, don girman Allah!

Kin fi kowa sanin cewa ɗan mutunci ba ya dosar gidan mace da ƙafarsa, sai ya aika alarina, wato mai dalilin aure, ta fara buɗe masa hanya. Abin da ya ɗaure ni ke nan shekara shida. Duk unguwar nan ke ce alarina. Wa zan aika wurinki, ke? Amma yanzu na samu. Iya Sikira mai ƙosai ta ce ko da rarrafe za ta je gidanku ran Juma'a bayan masallaci, ta ce dama ta gaji da kallon sakarkaru biyu. Abu ɗaya nake roƙo: ki zauna a gida ranar, ki bar wata ta yi miki abin da kika yi wa mata ashirin da uku.

Ba ni da mota, ba ni da bene. Ina da rumfa, da injin iska, da haƙurin da kin riga kin gwada. Muddin ina numfashi, ba za ki ƙara tsayawa ke kaɗai a bakin rumfar biki ba.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a rufe min ido,
Rasaki Ajani

Af, kada ki ce za ki musa. Iya Sikira ta gani. Alfa Lamidi ladan ya gani, har carbinsa ya faɗi. Sai kuma wata dattijuwa da ke layin sayen koko, ta tafa hannu ta ce, "Alhamdulillahi, yarinyar nan ta yi hankali!" Mahaifiyarki ce, Abeke.