Takardar digirin wan mijina ta faɗo teburina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuwa Litinin ake jiran amsa daga hannuna.

Ina aiki ofishin jarrabawa da ajiyar fayil na wata babbar makaranta a jiharmu, muna zaune unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi, da maigidana, shi gyaran injin ban-ruwa yake yi, daga Zauro har Ambursa manoman shinkafa sun san shi. Yana da wa a Argungu, bari in kira shi Yaya Bashar, amma fa ba ya amsawa sai an ce Injiniya. Makarantar da nike aiki nan ya yi karatu, tun kafin a ɗauke ni. Tun da na shigo gidansu ban taɓa ganin aikin da ya riƙe ya kai shekara ba, kullum ƙasar ce ba ta san darajar irinsu ba. Ni kuwa yana kirana mai share ƙurar fayil, ƙanensa bakanike mai baƙin farce, a gaban yarana. In injin gonarsa ya ƙi tashi, mai baƙin farcen nan ake kira tun daga Birnin Kebbi, Injiniya na tsaye bisa kunya da farar shadda yana ba da umarni.

Kwanaki sai labari ya cika dangi, wani kamfanin noma a ƙasar Turawa zai ɗauke shi aiki, su za su tsaya mai biza. Tun bai ga bizar ba ya fara sallama da mutane, har ya ce ma maigidana in ya zauna can zai duba ko suna son masu wankin mota. Abin da bai lura da shi ba, kamfanin ba ya karɓar satifiket haka nan. Akwai wata hukuma a can da aikinta ke nan, ta auna digirin da aka yi a wata ƙasa, ta faɗa ko daidai yake da nasu, sai ta ce e sannan a shiga maganar biza. Su kuma ba su yarda da hoton da ka tura, makarantarka suke rubuto wa kai tsaye, a aiko da sakamakonka na kowane zango daga imel ɗin ofis.

Wasiƙar ta zo, oga ya rubuta sunana a kai ba tare da ya san akwai dangantaka ba. Na sauko da fayil ɗinsa na buɗe. Injiniya bai wuce aji uku ba. Kwasa-kwasan da ya faɗi sun yi yawa aka sallame shi, ga takardar sallamar da sa hannunsa na karɓa. Satifiket ɗin da ya tura kuwa, magatakardan da aka sa sunansa a ƙasa ya bar aiki tun kafin shekarar da aka rubuta. Ko ƙaryar ma bai iya tsarawa ba. Ashe walimar da aka yi a Argungu, aka yanka rago ana ta Injiniya ya gama, duk a kan iska aka yi ta.

Na gaya ma maigidana, shi kuma da sanyin halinsa ya kira wansa don ya ji ta bakinsa. Washegari sai ga Yaya Bashar a gidana, karo na farko cikin shekara huɗu, da busasshen kifi da buhun shinkafa, yana ce mini ƙanwata. Mutumin da ko gaisuwata da hanci yake amsawa. Bai musa komai ba, bai ji kunya ba. Cewa ya yi malamai ne suka tsane shi don ya fi su Turanci. Sai ya kawo tasa dabarar, wai akwai wani ɗan ajinsu mai suna irin nasa, wanda ya gama da sakamako mai kyau, ya rasu a hatsarin mota hanyar Jega. In ɗauko sakamakon wancan in aika a madadin nasa. Na ce, "Yaya, haƙƙin mamaci fa?" Ya ce, "Mi mamaci za shi yi da rizal? Ke dai buga hatimi, aikinki ke nan." Na ce ya ɗauki kifinsa. Ya bar shi nan ya fita yana cewa dama talaka in ya samu ɗan teburi sai ya ɗauka kujerar gwamna ce.

Da yamma Inna, surukata, ta kira. Tsohuwar nan ba ta taɓa ɓata mini ba, kuma ba ta san gaskiyar zancen ba, abin da ya gaya mata shi ne takarda na hannuna na danne don baƙin ciki. Tana kuka ta ce, "Ɗiyata, mi Bashar yai miki? Ki bari shi tahi mana." Na rasa bakin da zan ce mata ɗan da take tinƙaho da shi shekara goma ba shi da digiri. Tana da hawan jini. Maigidana ya ce ba zai ce in yi ba, ba zai ce kar in yi ba, amma in tuna uwarsa ce. Ga ni nan an bar ni tsakiya.

In na aika na mamacin, masu aunawar nan ba yara ba ne, ranar da suka gano, aikina ya tafi, ƙila har kotu, kuma duk yaron makarantarmu da ya yi karatunsa da guminsa zai tura takarda a riƙa kallonta da zargi. In na mayar ma oga na ce ɗan'uwa ne a ba wani, gaskiyar dai za a rubuta, a Argungu kuma ni za a ce na yi. In na yi shiru na bar wasiƙar ta kwana cikin durowa, wa'adi ya wuce, biza ta faɗi, asirinsa ya rufu, ni in zama muguwar dangi har abada.

Sannan akwai abin da ban gaya ma kowa ba sai ku. Amsar gaskiyar na riga na rubuta ta, layi biyu ce, kuma da nike buga ta, daɗi na ji har cikin raina. Shi ya sa ban tura ba, don ban sani ba ko tsoron Allah ne ke tuƙa ni ko ramuwa.

In tura da hannuna, ko in ba oga? Kuma Inna, in tahi Argungu in gaya mata da bakina, ko in bar ta ta ci gaba da tsine mini a kan laifin ɗanta?