Ƙwayar gishirin da ka rataya mini a zare

Zuwa ga Yaya Attahir, inuwar gawona da tsakar rana, ruwan farko bayan fari, sanyin randar Inna.

Gaisuwa mai yawa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba.

Ka tuna hutun da ka zo garinmu Affala daga Faransa, ka zauna ƙofar gidanmu kana yi wa ƙanwarka Zainabu bayanin aikinka, amma ni kake kallo? Ka ce kuna narka wani dutse a tanda, ku tsoma masa ƙwaya ɗaya kamar iri, ku riƙa ja a hankali har ya girma ya zama dunƙule guda, a yanka a sa cikin rediyo. Ka ce in ya huce da gaggawa, tsaga takan ɓuya a cikinsa inda ido ba ya gani, sai an mayar da shi wuta mai sauƙi ta warke. Ban ɗaga kai ba, amma duk na ji. Da za ka tafi, ka ɗaura ƙwayar gishiri a zare, ka rataya ta cikin kofin ruwan gishiri, ka ce kada a girgiza, za ka dawo ka ga girmanta.

Wayyo, ina na iya bari! In buɗe, in leƙa, in ɗaga ta ga rana. Inna ta yi ta faɗa, wai mutane na bin rijiya da ƙishirwa, ni ina shayar da zare. Ta girma, ya hasken idona, har ta kai ƙwayar wake, amma da farin gajimare a cikinta. Na ce tsagar nan ce, na tura ta cikin toka mai zafi don ta warke. Sai ta yi ƙara, ta fashe! Ashe gishiri ba dutsenka ba ne. Gutsure biyu na tsince, ina kuka.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Rijiyarmu ta ƙafe, awaki sun ƙare, Baba ya ce bayan kasuwa mai zuwa za mu hau kamyo, babbar motar kaya, mu yi kudu, shi kansa bai san inda za mu sauka ba. In ka dawo ka tarar da gida ba kowa, me za ka ce? Za ka ce Hajara ta huce? Ko kai ne sanyin can ya kama, tsaga ta ɓuya a zuciyarka ban gani ba? Ina zan samu wuta mai sauƙi da za ta kai Faransa?

Ga gutsure ɗaya cikin takardar nan, Zainabu za ta kai ta gidan waya a garin Tawa. Ɗayan na ƙulle a bakin zanena. Kamyo girgiza gare shi, ba zan rataya shi a hanya ba. Duk inda muka sauka zan aiko wa Zainabu sunan garin, kuma ruwan farko da na samu na gutsuren nan ne, in jiƙa gishiri in sake rataya shi a kofi. Wallahi wannan karon ba zan taɓa ba, ko leƙe. Kai dai ka tambaye ta, ka biyo sawunmu, ka zo ka buɗe kofin da hannunka.

Taka, wadda ba za ta huce ba har ƙasa ta rufe idonta,
Hajara