Allura a Ƙwauri, Ciwo a Kafaɗa

Asabar, 20 ga Yuni, 1992

Yau ma Baba bai iya sa riga da kansa ba. Ina shara na ji Inna 'Yar'azumi tana cewa, "To ɗaga mana kaɗan," shi kuwa ya kasa. Hannun dama ne, daga kafaɗa. Tun kakar bara yake fama, yanzu ko loma sai ya sunkuyar da kai ya tarye ta a hanya.

Ba abin da ba a yi ba. Wanzami ya yi ƙaho, an yi sakiya, an sha jiƙo kala-kala, mai kemis ya zuba masa allurai har ya gaji. Hannu na nan inda yake.

Mahaifin maigidana ne, kuma shi ne mai fito a mashigin kogi tun ban zo duniya ba. Idan ruwa ya cika fadama shi ke haye da manoma gonakin shinkafa. Ya ce wa Inna in ruwan bana ya iso hannun bai tashi ba, zai sallama jirgin ga wani mutumin Guri da ke ta zarya a kai. Inna ta ce ranar da jirgin nan ya bar mashigi a fara nema masa likkafani. Ba da wasa ta faɗa ba, ni ma ban ɗauka wasa ba.

Talata, 23 ga Yuni

Esta, nas ɗin nan 'yar Kafanchan da muke maƙwabtaka, ta kawo labari. Wai Sinawan da ke haƙa hanyoyin ruwan noman rani suna da likitansu, kuma yana duba mutanen gari Litinin da Alhamis bayan la'asar. Wai da allura yake magani, amma allurar ba ruwa a cikinta. Na ce to me za ta kai jikin? Ta ce, "Saude, ni ma nas ce, ban gane ba. Amma wuyana da ya ƙage shi ya sake shi."

Matsalar ita ce ba ya jin Hausa. Maigidana yana Zariya wajen kwas sai ƙarshen Agusta. Duk gidan nan ni kaɗai ke jin Turanci. Nan take Inna ta yanke, wai malamar makaranta guda a gida, a je neman tafinta a waje?

Ni da ban taɓa cin abinci a gaban Baba ba. Takalmi a hannu nake wuce zaurensa.

Alhamis, 25 ga Yuni

Mun je a motar haya. Baba a gaban motar, ni can baya.

Likitan ɗan gajere ne mai furfura, sunansa Liyu. Turancinsa a kakkarye, nawa ma ya fi, abin da ya ɗan kwantar mini da hankali. Na zaci zai fara da kafaɗar. Ina! Ya kama wuyan hannun dama ya rufe ido, ya daɗe, ya koma na hagu. Ya ce a fito da harshe. Ya tambayi barci, ya tambayi abin da ake ci, ya tambayi ko ƙafafu na sanyi da asuba. Har bayan gida ya tambaya. Ni zan juya wa surukina wannan! Na kalli siminti na ce, "Wai ya cikin?" Baba ya ce, "Lafiya lau."

Sai ya buɗe wani ɗan kwano ya fito da alluran. Ban taɓa ganin ƙarfe siriri haka ba, kamar gashin wutsiyar doki. Baba ya ƙi cire riga, likita bai matsa ba. Ya kafa ɗaya a tsakanin babban yatsa da manuni, ɗaya a gwiwar hannu, sannan ya durƙusa ya kafa doguwa a ƙwauri. Ƙwauri! Ko ɗigon jini babu. Suna tsaye a jikin mutum suna ɗan rawa, shi kuma yana zaune abinsa. Tsigar jikina ta tashi. Allah mai iko.

Ya ce in gaya wa Baba, idan ya murza allurar zai ji wani nauyi ko tsami yana tafiya cikin jiki. Da ya ji ya faɗa, domin da wannan ne yake sanin ya taɓa wurin. Na faɗa. Ya murza. Baba ya ce, "Ba komai."

Litinin, 29 ga Yuni

"Ba komai." "Lafiya lau." "Alhamdulillahi." Kalmomin da na juya ke nan yau.

Alhamis, 2 ga Yuli

Likita ya damu. Ya canja wurare, ya ƙara zurfi, ya murza, yana kallon fuskar Baba, fuskar kuwa wai ko gezau. Ni ban sani ba, ban kalla ba. A ƙarshe ya jawo ni gefe ya ce shi bai taɓa ganin haka ba. Mutumin da ba ya jin allura a ko'ina, ƙila jijiyar ce ta mutu, wannan kuwa ya fi ƙarfinsa. Zai gwada ranar Litinin, in ba canji mu nufi Kano.

Kano kuma? Baba ba zai je Kano ba. Jirgin zai bayar ya zauna.

Abin da ke cina shi ne na san yana ji. Ƙasa nake kallo duk zaman, ƙafarsa ce a gabana. Duk sanda aka murza ta ƙwaurin nan, yatsunsa dunƙulewa suke yi kamar za su kama simintin. Na gani da idona. Na buɗe baki zan gaya wa likita, sai na ji kamar zan tsiraita shi a kasuwa.

Juma'a, 3 ga Yuli

Na kasa riƙewa na gaya wa Inna muna tsintar shinkafa. Ta ajiye faifan ta dube ni, sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ke 'yar nan, duk bokon naki! Ni ma dai da tsufana. Mutumin da kada ya taɓa kama masa cinya bai ce wayyo ba, shi zai ce ya ji zafi a gaban matar ɗansa? Mu muka kai shi muka ɗaure masa baki."

Wallahi ban taɓa kawo haka ba. Na ɗauka ni kaɗai ke jin kunyarsa. A zuciyata ma, tunda ba mai karanta wannan, na daɗe ina ganin ba ya ƙaunata ne. Mace mai fita aiki da jaka, ga alli a hannu. Shekara da shekaru gaisuwata kawai yake amsawa, da "yauwa".

Inna ta aika a kira Baffa Hamman, abokinsa tun suna yara, mai sayar da bandar kifi.

Litinin, 6 ga Yuli

Yau zan rubuta da yawa, don kada in manta.

Ga yadda aka tsara: Baba a kan gadon likita, Baffa Hamman a gefensa, ni a waje, bayan taga, na juya baya ina kallon wata katafila. Likita ya kasa gane dalili. Na ce masa al'ada ce. Ya yi ɗan jim, ya gyaɗa kai, ya ce su ma suna da irin nasu. Da kansa ya kawo mini kujera.

Na ji motsin cire riga. Can sai muryar Baba ƙasa-ƙasa, sai ta Baffa Hamman kamar yana tallar kifi: "Malama! Ya ce ya ji! Wai wani abu ya tsarga daga ƙwauri ya hau kamar tururuwa!" Na juya da Turanci ta taga. Likita ya yi wata ƙara da yarensu, ta murna.

"Malama! Wai ya kai kwankwaso!"

"Hamman, rage murya mana, ai ba shela aka sa ka ba."

Karon farko ke nan da na ji Baba yana magana irin ta mutane, ba ta suruki ba.

Likita ya ce yana murzawa Baba ya riƙa ɗaga hannun a hankali. Na faɗa. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sai Baffa Hamman ya ce, wannan karon da ƙaramar murya, "La'ilaha illallahu. Zarami, kunnenka ka taɓa."

(Allah Ya yafe mini, na rubuta sunansa. Haka aka faɗa.)

Na zauna ina kuka a bayan taga, wani direban katafila yana kallona. Allura a ƙafa, ba magani, ba jini, hannun da ya yi wata da watanni a manne ya tashi. Ni da nake koya wa yara sassan jikin ɗan Adam a allo, ashe sunaye kawai na sani. Wane ne ya shimfiɗa hanya daga ƙwauri zuwa kafaɗa, ya ɓoye ta, sannan ya nuna wa wasu mutane can ƙarshen duniya? Tsoron Allah ya kama ni, irin mai daɗin nan.

Talata, 7 ga Yuli

Hannun ya ɗan koma da safe. Likita dama ya ce zai yi haka. Duk da haka gabana ya faɗi.

Alhamis, 16 ga Yuli

Ana ci gaba. Yanzu har a kafaɗar yake kafawa, ya ɗora wani ɗan curin ganye a kan allurar ya kunna, zafin ya bi ƙarfen ya shiga. Da muka dawo Inna ta shinshini rigar ta ce, "Wannan ai tazargade ne. A ce masa muna da shi a kasuwa." Likita ya kuma hana Baba ruwan randa mai sanyi da asuba, ya ce ya riƙa rufe kafaɗar in ana ruwa. Wai ba kafaɗa yake wa magani ba, mutumin gaba ɗaya.

Na tambaye shi ta taga me ya haɗa ƙafa da kafaɗa. Ya ce akwai hanyoyi a jiki da ƙarfin rai ke bi, in ɗaya ta toshe sai ciwo ya taru a wani wuri. Ban gama juyawa ba na ji Baba yana ce wa Baffa Hamman, "Gaskiyarsa. In ruwa ya kwanta a gonar Shu'ibu, ba a gonar ake tona ba. Can ƙasa ake zuwa a sare ciyawar kacalla da ta toshe masa hanya." Na juya wa likita, ya yi ta tafa hannu.

Ruwa ya fara taɓa gindin gawon da ke mashigi. Mutumin Guri ya sake zuwa jiya, an ba shi fura ya tafi.

Litinin, 27 ga Yuli

Baffa Hamman ya tafi ta'aziyya Kafin Hausa. Na ce shi ke nan, yau mun koma "ba komai".

Na zauna bayan tagata. Likita ya kama hannu ya daɗe, ya ce in tambaya me ya sa har yanzu barcin bai daidaita ba, alhali ciwon ya ragu. Ya ce akwai abin da ke riƙe kafaɗar nan wanda ba ƙashi ba ne. Na faɗa wa iska, don ba zan ce da wa nake ba.

Can sai na ji Baba ya yi gyaran murya. Bango yake wa magana.

"A gaya wa likita... tsoro ne. A ce masa mutum ne bai taɓa zama an ba shi ba. In na ajiye gwangwalar tuƙin nan, yaran nan ne za su ci da ni. Ita kuma tana fita tun safe, ta dawo ta hau murhu, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ba na son in zame mata kaya."

Ita. Ni ke nan.

Na juya duka, ban rage ko kalma ba. Na ji likita ya buɗe kwanonsa. Baba ya faɗa wa Inna daga baya wai a tsakanin gira aka kafa masa allurar. Kafin a zare ta na ji minshari ta taga. Likita ya leƙo ya ɗora yatsa a baki. Muka bar shi har rana ta yi ja.

Alhamis, 30 ga Yuli

Baffa Hamman ya dawo. Baba ya ce masa ya je ya ji da kifinsa, ba sai ya ƙara raka mu wurin likita ba, an gode.

Asabar, 8 ga Agusta

Ruwa ya iso sosai, fadama ta yi fari fat har iyakar gani. Da hantsi Inna ta ce in sa mayafi mu je mashigi. Manoma sun taru da fartanyoyi, mutumin Guri ma yana tsaye gefe, ban san wa ya gaya masa ba.

Baba ya ɗauki gwangwalar nan, doguwar sandar tuƙinsa. Ya ɗaga ta sama da kansa da hannu biyu, ya kafa, ya tura. Jirgin ya tafi sumul. Inna sai hamdala take ta yi a cikin mayafi. Ya zaga ya dawo, mutane suka yunƙura za su shiga, ya ce su dakata.

"A ce wa Malama ta fara shiga."

Na shiga, na zauna a gaba, na ba shi baya kamar yadda ya kamata. Muna tsakiyar ruwa Baffa Hamman ya ƙwala daga gaɓa, "Malama! Tambaye shi ko ya ji!" Sai Baba ya fashe da dariya, irin wadda ban san yana da ita ba.

Ashe wushirya gare shi. Irin ta maigidana sak, ashe nan ya gado ta.

Jirgin ne ya ɗan karkata, shi ya sa na waiwaya. Ya ga na gani, bai kuma rufe bakin ba. Ni ma dai ban yi saurin juyawa ba.