Matakala Ashirin da Biyu

Zuwa ga Yayana Mai Walda,

Gaisuwa irin ta ƙanwa da yayanta, da fatan kana lafiya, kai da Antina da yara, da wannan injin naka da ka fi so fiye da mu duka. Da gangan na rubuto maka a takarda, don na san halinka a waya: kafin in kai tsakiyar magana ka ce ƙarfe ya yi zafi, ka kashe.

Yaya, na gama kwas ɗin koyar da yoga, wata tara cur. Kada ma ka fara, na faɗa maka ba bautar kowa ba ce, miƙa jiki ne da koyon numfashi. A jarrabawar rubutu ni na zo ta ɗaya. Amma sun hana ni takardar shaida. Wai doka ta bakwai ta ce duk mai son zama malami sai ya tsaya a kan ƙafa ɗaya na minti guda a gaban kwamiti, tsayuwar bishiya suke ce mata. Ni da ko a kan ƙafa biyun ban tsaya ba tun shan inna ta same ni ina shekara uku. Na ce musu ai bishiya ba ta yawo, in zama wuri ɗaya ne na fi kowa iyawa. Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba.

Da don ni ce kawai, da na watsar. Amma ka san ajina na ranar Asabar a zauren unguwa, mutum tara, kowa a kan kujerarsa ko kekensa. An kawo sabon manaja, ya ce in ban nuna takarda ba kafin ƙarshen wata, masu ɗaga ƙarfe zai ba ɗakin. To ina zan kai Baba Tela? Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ya zo mini hannun hagu a naɗe kamar tsumma, yau shi yake ɓalle maɓallin rigarsa. Ina zan kai Direba, wanda ya yi shekara bai leƙa waje ba bayan an yanke masa ƙafa? Ga Malama, tsohuwar malamar firamare da idonta ya rufe. Ita ce ma ta koya mini aikin, don a gabanta ba dama ka ce "ku yi kamar haka". Dole ka faɗi komai da baki, har inda ɗan yatsa zai kalla.

Na ɗaukaka ƙara, ina jiran amsa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ka sa ni a addu'a, ka kuma gaida kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu a bakin shago. Mutanen gida suna amsawa.

Na ji zafin abin da aka yi miki. Amma Auta, ki bi a hankali. Su ke da doka, su ke da hatimi, kuma mai nema ba ya fushi. In an kira ki, ki tausasa harshe, don na san bakinki, tun kina ƙarama ba a taɓa ki a kwana lafiya. Duk abin da suka ba ki ki karɓa ki yi godiya, da babu gara ba daɗi.

Ki sanar da ni ranar. Zan rufe shago in zo. In wurin yana da hawa, ga ni. Shekara shida na goya ki zuwa ajin sama a makaranta, kina buga mini jaka a ƙeya kina cewa in ƙara sauri, ban taɓa yar da ke ba. Bayan nawa yana ɗan damuna kwanan nan, in na sunkuya sai na dafa benci kafin in miƙe, amma bai kai a faɗa ba.

Allah Ya dafa miki. Ki huta lafiya.

Yayanki

*

Zuwa ga Mai Ɗaukaka Ƙara,

Da sallama da girmamawa.

Kwamitin Tantance Malamai ya karɓi ƙorafinki kan doka ta bakwai. Ana gayyatarki ki bayyana ranar Laraba mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a ɗakin taro da ke hawa na biyu na ofishinmu.

Don nuna tausayawa ga yanayinki, kwamiti a shirye yake ya ba ki takardar yabo. Sai dai a lura cewa wannan takarda ba ta ba da izinin koyarwa.

Ki huta lafiya.

Shugaban Kwamiti

*

Yaya,

Ina gaisuwa, a gaida Anti. Ga kwafin wasiƙarsu na haɗo maka, ka karanta ka sha mamaki. Za su saurari ƙarar gurguwa, sai suka sa zaman a hawa na biyu, a ginin da ba shi da na'urar hawa. Direba ya je ya ƙirga mini da sandunansa, matakala ashirin da biyu ce. Kuma wai takardar yabo. In rataye ta a bango in riƙa kallo ranar Asabar, ko?

Yanzu maganar da ta fi mini wuya. Kada ka zo. Ban manta goyon da ka yi mini ba, kuma ba ni da bakin gode maka har in mutu. Amma lokacin da ka yi zazzaɓi, ka tuna? Kwana huɗu ina zaune a ƙasan bene ina jin muryar malami daga sama, ba wanda ya ga laifin ginin, kowa cewa yake Allah Ya ba yayanta lafiya. Bayanka ba matakala ba ne, Yaya. In ka ɗauke ni ranar Laraba, na hau, amma Baba Tela fa? Wa zai goya mutum tara?

Na san za ka ji haushi. Ka yafe mini. Kuma wannan bayan da "bai kai a faɗa ba", ai ka faɗa.

Taka,
Auta

*

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Kwana tara ba wasiƙa ba waya, na san fushi kake. To yi abinka, amma labarin nan sai ka ji shi, ko ka so ko ka ƙi.

Mun isa tara da rabi, mu goma. Ƙofar gaba ma tana da matakala uku, sai ta ƙofar da ake shigar da kaya muka bi, tsakanin kwalaye da tsintsiya. Muka fito falon ƙasa: benci ɗaya, teburin masu gadi, sai wani ƙaton hoto a bango na saurayi tsaye a kan ƙafa ɗaya yana murmushi kamar ya ci gasa. Ga matakalar nan a gabanmu.

Ƙarfe goma Sakataren kwamiti ya sauko da masu gadi biyu, ya ce su ɗaga ni da keken gaba ɗaya. Bawan Allah da kyakkyawar niyya ya zo, har da ce mini kada in ji kunya. Na riƙe tayoyina na ce masa:

"Mun amsa gayyata, mun iso iyakar inda gininku ya yarda mu iso. Saura ku."

Ya hau, ya sauko, ya ce kwamiti ba ya zama a falo. Na ce ba komai, mu ma ba ma zaman banza. Direba ya aro kujeru a wurin masu gadi, muka yi da'ira a gindin matakala, na fara aji kamar kowace Asabar. Kafin minti goma masu shara sun jingine tsintsiya, ma'aikata sun cika saman bene suna leƙe. Wata mata da ta zo karɓar takarda ta ajiye jaka ta shiga cikinmu.

Can sai ga wani dattijo yana saukowa, fari fat da furfura, ya riƙe ƙarfen gefe. Ni na san shi, shi ne Shugaban Kwamiti, mutumin da ake cewa ya yi shekara talatin yana koyarwa. Amma Malama ba ta san kowa ba, kunnenta kawai take bi. Ta karkata kai tana sauraron takunsa, ɗaya da nauyi, ɗaya a ɗosane. Yana sa ƙafa a falo ta ɗaga murya irin ta malaman firamare:

"Kai mai ciwon gwiwar dama, sannu da ƙoƙari. A ba shi kujera. Zo nan kusa da ni, bawan Allah, nan ba a jin kunya."

Sakatare ya buɗe baki zai yi magana, dattijon ya ɗaga masa hannu. Ya dubi kujerar, ya dubi mutanensa a sama. Sai ya zauna.

Na ce a raina, Auta, yau ko ki yi ko ki tafi gida. Na ce kowa ya rufe ido, za mu yi bishiya. Na bi da su da baki kamar yadda Malama ta horar da ni: ka ji inda jikinka ya taɓa kujera, nan ne saiwarka, ka ja numfashi ka bar gadon baya ya yi tsawo, hannu ya tashi iya inda ya yarda, kada ka yi masa dole. Na zagaya da kekena ina gyara wa kowa. Da na iso kan Shugaba na ga kafaɗunsa sun kusa taɓa kunne, ya riƙe numfashi kamar mai ɓoye wani abu. Na manta ko shi wane ne, na ce, "Baba, saki. Ba wanda yake ba ka maki." Ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, har Malama ta ce masa yawwa.

Direba ne ya duba agogo. Minti ɗaya cif, bishiya goma sha biyu a zaune. Kuma ka san me? Hannun Baba Tela na hagu ya wuce kafaɗa, karo na farko. Yana kuka yana dariya, masu shara suna tafi, ni ma na kasa riƙe hawayena.

Shugaba ya miƙe a hankali, ya ce za mu ji daga gare su, ya koma sama. Sai a hanya muka gaya wa Malama wanda ta ba kujera. Ta ce to, ko shugaba ne, gwiwar ai tana masa ciwo, ba ta faɗi ƙarya ba.

Saura kwana shida wata ya ƙare. Ban san me za su yanke ba. Amma ban hau ba, Yaya, su suka sauko.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Auta

*

Zuwa ga Malama Mai Koyarwa,

Da sallama da girmamawa.

Kwamiti ya zauna ya yanke kamar haka. An gyara doka ta bakwai: daga yau, abin da za a auna shi ne iya koyar da kowace tsayuwa ga jiki kamar yadda yake, a tsaye ko a zaune. An mayar da jarrabawa da sauraron ƙara zuwa hawan ƙasa. Takardar shaidarki tana cikin wannan ambulan, an kuma aika kwafi ga manajan zaurenku.

Abin da ya rage ba na kwamiti ba ne, nawa ne. Ni na rubuta wannan doka shekara goma sha tara da suka wuce, ina ji da ƙarfina. Yau shekara uku ke nan ban iya tsayuwar ba. Ina zama a bayan tebur ina kayar da mutane a kan abin da ni kaina ya fi ƙarfina, ko abokan aikina ban gaya wa ba. Baiwar Allah da ba ta gani ta gano ni a taku biyar. Na ji kunya ranar, amma rabon da in yi numfashi irin wannan har na manta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa ba mu taɓa tambayarku ba. Ina neman afuwa.

Muna so a yi gangara ta ƙarfe a ƙofar gaba, kada wani ya sake shiga ta wurin kwalaye. In kin san mai aikin kirki, ki haɗa mu. Ki gaida mini maƙwabciyata ta kujera.

Naki da girmamawa,
Shugaban Kwamiti

*

Auta,

Gaisuwa. Kwafin wasiƙar Shugaba ya iso, na karanta wa duk wanda ya shigo shago, har wanda ya zo gyaran ƙofa kawai.

Ba fushi na yi ba, kunya ce. Shekara shida ina hawa da ke, ko sau ɗaya bai zo mini a rai in ce malaman su sauko ba.

Ina tafe ranar Juma'a da abin awo. Ki ce wa Shugaba gangarar ba za ta yi tsayin da zai mayar da keke baya ba, kuma ke za ki fara hawa, ni ina gefe, hannuna a aljihu.

Ranar Asabar ki ajiye mini kujera. Kusa da Malama, tunda ko na ɓoye bayan nan za ta ji shi.

Allah Ya ƙara ɗaukaka, Malama Auta.

Ɗalibinki,
Yaya