Kwandunan Baba Bulus

Bunkure, Litinin

'Yata Salama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya karatu, ya mutanen Zariya? Hashimu direba zai kawo miki wannan takarda da ɗan tumatir.

Wani abu ne ya ɗaure mini kai. Kin san ranar baikon godiya kowa yakan ɗauko amfanin gonarsa, ya tako rawa har gaban bagade, a kira sunansa, mata su rangaɗa guɗa. Ni wannan abu ya daɗe yana ba ni kunya. Bana tumatir ya yi mini yadda bai taɓa yi ba, sai na kai kwandunana tun kafin jama'a su taru, na jera su, na koma bencin baya na zauna.

To, da ba a ji sunana ba, sai aka ɗauka tsutsa ta cinye gonata. Jiya dattawan ikilisiya suka zo mini jaje, suka ce taimakon bana, hatsi da gayya, ni za a yi wa. Alhali Kulu aka yi niyyar yi wa, matar marigayi Yusuf, wadda ciyawa ta toshe hanyar ruwan gonarta a ƙarshen kanal ɗin ban ruwa. In na yi magana na yi tallar kaina, ladan ya zube. In na yi shiru Kulu ta rasa. Ya kike gani?

Ubangiji ya kiyaye ki.
Mahaifinki, Bulus

Zariya, Alhamis

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Iya. Tumatir ya iso, na gode.

Wallahi na yi dariya har ƙawata ta tambaye ni ko lafiya. Kai da kumatunka ke sheƙi ake wa jaje! Amma da na tuna Inna Kulu sai dariyar ta tsaya.

Da farko na ce ka karɓa kawai ka kai mata a ɓoye. Sai na ga hatsi zai ɓoyu, amma ba a yashe hanyar ruwa a ɓoye.

Ina da tambaya, Baba, ba rashin kunya ba ce. Lokacin da dattawa ke tausaya maka, me ka ji a ranka? Kunya ce, ko wani ɗan daɗi na cewa ka san abin da ba su sani ba? Ni ban sani ba, shi ya sa nake tambaya. An koya mana bayarwa a ɓoye, gaskiya ne. Amma wannan ɓoyon, wa yake amfana yanzu?

Ka yafe mini in na wuce gona da iri.
'Yarka, Salama

Bunkure, Litinin

Salama,

Ina gaishe ki. Amsar tambayarki: daɗin na ji.

Jiya bayan wa'azi na miƙe, na ce kwandunan nan nawa ne, gonata ta yi albarka, a mayar wa Kulu taimakonta. Baballe, wani ɗan ikilisiyarmu, ya ce a bayana, yadda zan ji, "Ashe dai shi ma yana so a sani." Abin ya yi mini zafi ƙwarai, amma ban juya ba.

Ranar Asabar za mu yashe wa Kulu hanyar ruwa. A gari kuwa ana cewa Bulus ya fara fahariya da tsufansa. Kada ki ce za ki wanke ni a wurin kowa.

Ubangiji ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Bulus