Na Yi Mata Kara, Ta Tafi Kwas Ɗin Kwamfuta

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, zuciyata ta ƙi sanyi.

Ni mai buga tafireta ce a wata ma'aikata a nan Dutse, tun lokacin da aka ƙirƙiro jiha muna raɓe a ofisoshin aro. Akwai wata yarinya, Kubura, 'yar ƙawar mahaifiyata daga Jahun. Ni na riƙe ta a gidana a Yalwawa, ni na ɗora yatsunta a kan tafireta, ni na yi ta safa da marwa har aka ɗauke ta aiki a ofishinmu. Yaya take ce mini.

To, kin san yanzu gwamnatin tarayya ta fito da tsarin sa kwamfuta a ofisoshi, jiharmu kuma ta rungumi abin hannu bibbiyu. Aka ba sashenmu gurbin mutum ɗaya a kwas. Darakta ya kira mu mu biyu, ya dube ni, ya ce ni ce babba, ko zan je? Ni kuwa yaya za a yi in yi caraf in ce ni, kamar mayunwaciya? Sai na ce ai ga yara, a ba su. Ina jira Kubura ta ce a'a, Yaya ce gaba, kamar yadda kowane ɗan mutunci zai yi. Wallahi Hajiya, yarinyar nan sai ta sunkuyar da kai ta ce ta gode. Darakta ya rubuta sunanta.

Yanzu ta dawo, an sa mata kwamfuta da fanka, duk wata takarda wurinta ake kaiwa. Ni ina zaune ina kallon tafireta kamar mai gadinta. Ana raɗe-raɗin duk wanda bai iya kwamfuta ba, za a rage shi, ga marayu uku a gabana. Abin da ya fi ƙona mini rai, wai ta zo har gida tana cewa in zauna bayan an tashi ta koya mini. Ni? Ko gaisuwarta ban ƙara amsawa ba.

Taki,
Mai Tafireta, Yalwawa

'Yar'uwa Mai Tafireta,

Na ji zafinki, kuma kina da gaskiya a wuri ɗaya. Kubura ta san ba har zuci kika faɗa ba, a gidanki ta tashi. Ya kamata ta mayar miki da karar, ba ta yi ba, wannan rashin kyautawa ne.

Amma ki duba, ke aka fara tambaya. Darakta ba baƙunta ya kira ki ba da zai yi ta lallashi sai kin karɓa. Abin da bakinki ya faɗa shi ya rubuta. Wataƙila ita ma Kubura tsoron ragin ne ya rufe mata baki. Kuma wadda ta yi niyyar cin amana ba ta biyo mutum gida da tayin koyarwa.

Ki kira ta, ki faɗa mata abin da ya ɓata miki rai, sau ɗaya, ki rufe maganar. Sannan ki ja kujera ki zauna kusa da ita. Yatsunki sun riga sun san inda haruffa suke, sauran ba zai gagare ki ba. Marayunki ba su san kara ba, tuwo suka sani.

Ki kuma je wurin Darakta da kanki, ki ce idan wani gurbin ya fito kina so. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya tsare miki aikinki. Ranar da aka sake tambayar wa zai je, ki buɗe baki ki ce ni.