Man da Dutse Ya Danne

Zuwa ga Yaya Japheth, hasken idona, sanyin ruwan randa, inuwar mangwaro da tsakar rana,

Ni ce Dinatu, mai kawo maka shinkafa a shagon Anti Elizabeth na Samaru. Ka yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na firamare na tsaya. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na aiki hannuna.

Ka tuna ranar da ruwan sama ya tsare ka a shagonmu, kana karatun jarrabawar ilimin duwatsu? Ka kama ni ina leƙen hoton littafinka. Sai ka tsoma burodi a manja, ka kifa faranti a kai. Ka ce can ƙarƙashin teku mai zurfi, inda rana ba ta kaiwa, ƙananan halittu ke mutuwa, laka da yashin da kogi ya kwaso su binne su. Nauyi ya danne su, zafin ƙasa ya dafa su shekaru aru-aru, har su zama mai da gas. Man ya yi ta hawa ta cikin yashi yana neman mafita, sai ya ci karo da dutsen da ba ya yoyo, ya taru a nan shiru. Wayyo! Kai kana zancen teku, ni ina jin labarin ƙirjina. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin jami'a ba, amma wannan nauyin na san shi.

Ashe Anti ta ga dariyar da na yi maka ranar. Washegari ta mayar da ni gidanta na Sabon Gari, daga wanke-wanke sai niƙan tattasai, ko coci sai da ita. 'Yarta Diana ta ce ka yi ta tambayata, daga baya ka daina. Kana zaton gudunka nake yi? Ina kazar da ke cikin akurki ta ga ta gudu?

Yanzu kuma an ce ƙarshen wata za ka tafi Fatakwal koyon aiki a kan teku. Kai ne ka ce akwai man da ba a taɓa ganowa, yana nan a danne, babu wanda ya san da shi. Kada ka bar ni haka, masoyina!

Roƙona ɗaya ne. Ranar Lahadi ka zo cocinmu, ka gai da Anti a gaban jama'a, ka ambaci sunana. Ba ta iya korar baƙo a ƙofar coci. In na sunkuyar da kai, kada ka juya. Haka Allah ya yi ni.

Taka har ranar da teku za ta ƙafe,
Dinatu